Ku daina kawo muna hoton Kigali, ku kawo muna lissafinta

Duk wanda Allah ya kai Kigali, babban birnin Ruwanda, hoto iri ɗaya yake dawo muna da shi: titi fes, furanni a tsakiyar hanya, babu leda ko ɗaya. Sai ya liƙa a Facebook ya rubuta a ƙasa cewa mu ƙazanta a jininmu take, ba za mu gyaru ba sai an samu mai bulala. Ƴan sharhi su bi da "wallahi gaskiya ne". To wannan magana na zo in ƙaryata. Ni ma na je, na yi kwana goma wajen wani taron matasa, kuma ban ɓata kwanakin a cikin otel ba.

Tsabtar gaskiya ce, ba haɗin hoto ba ne. Tun 2008 Ruwanda ta haramta leda, kuma tun a filin jirgi ake raba ka da wadda ka shigo da ita. Ka sayi burodi, a jakar takarda za a sa maka. A kasuwar Kimironko kowace mata da jakarta ko kwandonta take zuwa cefane. Ɗan kabu-kabu yana da riga mai lamba da hular kwano biyu, tasa da taka, kuma ba ya tashi sai ka sa. Bas ta cikin gari da katin Tap&Go ake biyanta, babu rigimar canji. A Biryogo, cikin unguwar Nyamirambo inda Musulmi suka fi yawa, na zauna shan shayi a titin da aka hana mota shiga, ana kiran salla, yara na guje-guje, sai ka rantse wata unguwa ce ta Maraɗi da aka wanke.

Amma mai hoto ƙarfe goma yake fitowa. Da ya fito bayan asuba, da ya ga abin da na gani: mata sanye da rigunan aiki, riƙe da tsintsiya, suna bin titi layi-layi. Aikinsu ke nan, biyansu ake yi. Gidaje kuma suna biyan kamfanonin kwasar shara duk wata, mota ta zo ta ɗauka ta kai juji na Nduba a bayan gari. Ashe ba jini ba ne. Doka ce da ake tsarewa tun daga ƙofar shiga ƙasa, da ma'aikata masu albashi, da wurin da aka ware don zuba shara. Ƙasa ce marar teku kamar tamu, wadda ta fito daga kisan ƙare dangi a 1994. Ba sama ta faɗo musu ba.

Yanzu mu dawo gida. Mutum nawa cikinmu suka san Nijar ma tana da dokar hana leda? Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙera ledar nan marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, da ajiye ta. Yau shekara fiye da goma. To ka fita bayan garin Dakoro ka dubi itatuwa: baƙar leda ce rataye a kowace ƙaya kamar tsuntsaye. Ka sayi tumatir na dala ashirin, leda. Ƙosai da zafinsa, leda. Ka sha ruwan leda, ka yar a inda kake tsaye, don ko ka so kirki babu inda za ka jefa.

A Yamai wannan maganar kyan gari ce. A Dakoro maganar dukiya ce. Mu ƙasar kiwo ce, daga Kornaka har kwarin Tarka. Je ka mahauta ka tambayi masu fawa abin da suke fiddawa daga tumbin akuya da saniya. Da rani, idan ciyawa ta ƙare, dabba ledar da ke ƙamshin abinci take haɗiya. Ba ta narkewa. Tana taruwa ta dunƙule, dabba ta daina cin kirki, ta rame, ta mutu ko a sayar da ita a wulaƙance. Tunkiyar da wata uwa ta kiwata don auren ɗiyarta ke nan. Da damina kuma ledar ce ke toshe magudanai. Ba ita kaɗai ta jawo ambaliyar da ta yi wa Maraɗi ɓarna a 2024 ba, amma ruwan da bai samu hanya ba gidan talaka yake shiga.

Wa ke shigo da ledar? Ba mai ƙosai ba ce. A manyan motoci take ƙetaro iyaka, dila-dila, ta sauka a shagunan manyan ƴan kasuwa. Nan ne doka ta kamata ta tsaya, kuma nan ne take yin barci. Shi ya sa kiran a kawo bulala yake ba ni tsoro, don mun san bayan wa take sauka.

Ga abin da masu hoto ba su faɗa muku. Kwana goma a Kigali, da wuya na ga mai talla a manyan tituna. Babu mai goro, babu yarinya da tiren gyaɗa. Ba don babu talakawa ba. An hana su ne. Masu tallan da ake kira abazunguzayi a ɓoye suke yi, ido na kan kaya, ido na kan jami'an tsaro. A 2015 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wani wurin tsare mutane a Gikondo, inda ta ce ana kulle masu talla da mabarata da yaran titi ba tare da shari'a ba. Gwamnatin Ruwanda ta ce wurin gyaran hali ne. Ni dai ba na son tsabtar da za ta share uwata daga bakin tasha. Mun ga irinta a Yamai, lokacin da aka rushe rumfuna da shagunan bakin titi kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Mun ga Maraɗi Kwalliya a 2015. Ku da ke zaune a can ku faɗa muna: kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Sai kuma umuganda, aikin gayya na Asabar ɗin ƙarshen wata, wanda ake ta yi muna gori da shi. Gayya za a koya wa Bahaushe? Kakanninmu da ita suka yi noma, iyayenmu sun yi ta a samariya zamanin Seyni Kountché. Abin da ya burge ni shi ne bayan aikin ƴan unguwa zama suke da shugabanninsu a tattauna matsalolin unguwa. Mu kuwa ranar tsabtarmu, babba ya riƙe tsintsiya a ɗau hoto, matasa su tara shara tsibi-tsibi, babu amalanken kwashewa, kwana biyu iska ta mayar da kowace leda inda aka tsinto ta.

Don haka buƙatunmu uku ne. Na ɗaya, a aiwatar da dokar 2014 daga sama: kan iyaka da manyan dillalai, ba a kan mai tire ba. Na biyu, kowace ranar kasuwa ana yankar wa ƴan kasuwa da masu dabbobi tikiti. A liƙa lissafin a bangon ofishin magajin gari: nawa aka tara, nawa aka kashe kan shara. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da garuruwanmu. Tunda ba ƙuri'armu ta kawo su ba, sun ma fi cancantar a tambaye su. Na uku, a ware juji a bayan gari, a kewaye shi don kada dabbobi su shiga, a ɗauki matasa masu amalanke aiki da albashi, ba da "Allah ya saka" ba.

Mu ma da namu. Kasuwa mai zuwa, ɗauki jaka ko kwandon kaba daga gida, ka je wa mai ƙosai da kwano. Kuma duk wanda ya sake turo maka hoton titin Kigali yana zagin jininmu, ka tambaye shi: wa ya share titin, nawa aka biya ta, kuma ina aka kai masu tallan da ke wurin?