Kada Mu Dama Nonon Jariri Kamar Kunu

Mai karatu, akwai jariran da shan nono ke zame musu wahala tun daga haihuwa. Da zarar sun kama mama sai su sarƙe, su yi ta tari, numfashinsu ya riƙa ƙara. An fi ganin haka ga bakwaini da yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa. Hatsarin shi ne nonon yakan kauce wa hanyar abinci ya gangara huhu, daga nan sai ciwon limoniya.

Ɗaya daga cikin dabarun likitoci ita ce a tatsi nonon uwa a ƙara masa kauri, domin abu mai kauri a hankali yake tafiya, yaro ya samu sararin haɗiya. To, jin haka zai sa wata uwa ta ce ai abin mai sauƙi ne, sai ta ɗebo gasara ko garin shinkafa ta zuba. A ganina wannan ganganci ne, kuma ga dalilaina.

Na farko, nonon uwa ba ya riƙe irin wannan kauri. Duk mai dama koko ta san idan aka yi ta tsoma cokalin da aka lasa a ciki, ba ya daɗewa sai ya tsinke. Wani sinadari ne a cikin yawu, mai suna amilas, yake narkar da sitaci. Wannan sinadari yana cikin nonon uwa ma. Saboda haka nonon da aka kaurara da gari zai koma ruwa kafin yaro ya gama sha, uwa kuwa tana zaton ta yi maganin matsala.

Na biyu, ko abin da aka sarrafa a masana'anta don wannan aiki ya taɓa jawo asarar rai. A shekarar 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba bakwaini wani abin kaurara abin sha mai suna SimplyThick, saboda wata cuta mai ruɓar da hanjin jarirai. A 2012 hukumar ta ce jarirai 22 sun kamu, 7 sun rasu, ta kuma faɗaɗa gargaɗin ga jarirai baki ɗaya. Idan haka ta faru a inda ake da kayan awo, ina ga mai auna gari da ido a gida?

Na uku, kaurin kansa yana da ma'auni. Idan ya yi yawa yaro zai gaji da tsotso, ya sha kaɗan, ya rame. Ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, kuma gari da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsu ba gudawa suke kawowa.

Wani zai ce asibiti da nisa, kuɗi kuma babu. Gaskiya ne, amma kuɗin jinyar limoniya ya fi na mota. Sau da yawa ma likita ba zai fara da kauri ba. Zai gyara yadda ake riƙe yaro, a riƙa ba shi hutu yana shan iska, ko a sauya kan bulumboti zuwa mai ƙaramin rami.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu da muka iya harshe, mu isar da wannan saƙo ga iyayenmu mata: jaririn da ke yawan sarƙewa, a kai shi asibiti kafin a zuba komai a nononsa.