Kafin Ka Ce Iskanci Ne

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na tarihin zane ya haska mana hoton wani gado a majigi. Zanin gadon ya yamutse, duk tabo, a gefe ga kwalaben giya, guntayen sigari, kwaroron roba, har da kamfai mai jinin al'ada. Aji ya kaure da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, wannan ai iskanci ne kawai aka sa masa suna." Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Daga baya da na bi labarin gadon, kunyar kaina ta kama ni.

Sunan aikin My Bed, na Tracey Emin 'yar Ingila, ta yi shi a 1998. Bayan sun rabu da wanda take so, damuwa ta kwantar da ita kwanaki a kan gadon nan, ba ta cin abinci, sai giya. Da ta samu ta miƙe ta waiwaya, sai ta ɗauki gadon yadda yake ta mai da shi abin baje koli. A 1999 aka nuna shi a gidan Tate na Landan cikin ayyukan da ke takarar kyautar Turner. Bai ci ba, jaridu kuma suka yi mata ca. A 2014 aka yi gwanjonsa kan kusan fam miliyan 2.5. Emin ta faɗa da bakinta cewa an yi mata fyaɗe tana shekara 13. In ka san wannan, da wuya ka sake kallon gadon ka yi dariya.

Ba ita ce farau ba. A 1932 Frida Kahlo ta Meziko ta yi ɓari a birnin Detroit na Amurka, ta zana kanta kwance tsirara a gadon asibiti, jini a ƙarƙashinta, hawaye a fuskarta, tana riƙe da jajayen zare da suka haɗa ta da abubuwa 6, ciki har da ɗan tayin da ta rasa da ƙashin ƙugu. Shekaru aru-aru maza suna zana jikin mace don a kalla a ji daɗi. Kahlo ta zana nata don a ga abin da ya same shi.

Na san abin da wasu za su ce: addininmu da al'adarmu ba su yarda da tsiraici ba. Gaskiya ne, kuma ni ma ba zan zana kaina haka ba, ba kuma zan ce a rataya hoton Kahlo a ƙofar ɗakin karatu ba. Akwai ma ayyukan da ke fakewa da 'yancin mata alhali talla ce kawai da jikin mace. Waɗannan ba na kare su. Tambayar da ya kamata mu yi wa kowane aiki ita ce: me yake so ka ji? Sha'awa yake tayar maka, ko kuwa ciwon wata yake sa ka tsaya ka gani?

Kuma kada a ce mana faɗin ciwo baƙon abu ne a wurinmu. Kakanninmu a bakin dutsen niƙa da turmi suke rera abin da ke cin su game da kishiya da miji da uwar miji, kowa na ji, ba mai cewa sun yi rashin kunya. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama, ta zuba irin wannan a littattafanta. A 2017 Peju Alatise ta kai Venice mutum-mutumin yara mata 8 masu fukafukai, kan yarinyar da aka tura aikatau. Ba tsiraici a ciki, amma saƙon ya isa.

To mu fa? Duk wadda ta kwana a hostal ta san ana kuka a ƙarƙashin bargo. Akwai wadda aka matsa mata don maki, akwai wadda aka saka tana tsaka da jarrabawa, akwai wadda ta yi ɓari ta shigo lakca washegari kamar ba komai. Amsarmu ɗaya ce: ki yi haƙuri, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ciwon da aka rufe ruɓewa yake yi. Zane ba zai maye gurbin likita ko hukunta mai laifi ba, sai dai sau da yawa shi ne karo na farko da mutum yake iya cewa, "Wannan ya faru da ni."

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai: a makon ɗalibai mai zuwa a ware ɗaki guda, 'yan mata su kawo zane, ɗinki, rini ko hoto kan abin da ke damunsu, wadda ba ta so a san ta kada a sa sunanta. 'Yan'uwa maza kuma ku shigo ku kalla. Ku riƙe dariyar sai kun ji labarin.