RA'AYINMU: Koci Ya Koma Nasarawa Gwom, Amma Da Takarda A Hannu

Wani ɗan'uwanmu mai karanta wannan shafi, haifaffen unguwar Nasarawa Gwom a cikin garin Jos, ya rubuto mana yana neman shawara. Ya daɗe yana koyar da ƙwallon kwando a wata kwaleji a nan Kudu, albashinsa ba ya latti, yaransa na cin kofuna, iyalinsa kuma sun saba da zaman Ikko. To, ga shi wata makaranta a gida ta aiko masa ya zo ya karɓi kulob ɗinta wanda ya durƙushe. Filin wasan ya tsattsage, ƙwallayen sun saɓule, rabon yaran da cin wasa har an manta. Tambayarsa ita ce, ya tafi ko ya zauna?

Mun ga ya dace mu ba da amsa a fili, domin wannan tambaya ta shafi kowane ɗan Arewa da ke cin abinci a Kurmi. Malamin makaranta a Agege, da ma'aikacin asibiti a Sabon Badun, da makaniki a Shagamu, kowa akwai ranar da za a aiko masa daga gida a ce an ga ƙoƙarinsa, ya zo ya taimaka.

Bari mu fara da dalilan zama, don ba ƙanana ba ne. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma wanda ya shekara goma ko fiye a waje zai koma ya tarar an yi sababbin manya waɗanda ba su san shi ba. Ban da wannan, kowa ya san halin shugabannin wasanni a ƙasar nan. A yau za su ɗauki koci da kiɗa da algaita, gobe in an ci kulob sau uku a jere su sallame shi, wani lokaci ma da bashin albashin watanni a kansu. Magidanci mai 'ya'ya a makaranta, wanda ke lissafin fansho, bai kamata a zarge shi da tsoro ba in ya tsaya ya yi nazari. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Amma kuma akwai abin dubawa a ɗaya ɓangaren. A shekarar 2022 rigimar shugabanci ta sa Gwamnatin Tarayya ta janye Nijeriya daga wasannin ƙwallon kwando na duniya. Ko da yake an soke wannan hukunci bayan 'yan makonni, aikin gama ya gama, domin an riga an ba ƙasar Mali gurbin 'yan matanmu, watau D'Tigress, a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara. A cikin wannan hali ne a 2023 Rena Wakama, wadda a lokacin mataimakiyar koci ce a wata jami'a a Jihar New York ta Amurka, ta yarda ta karɓi ƙungiyar ana saura 'yan makonni a fara gasar Afirka. Ta ci kofin a Kigali bayan ta doke Senegal. A 2024 a ƙasar Faransa ta ci Ostareliya da Kanada, ta kai Nijeriya zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik, matsayin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa. A 2025 ta sake ɗaukar kofin Afirka a Abijan. Sai dai gaskiya ɗaya ce, Wakama ta tarar da ƙwararrun 'yan wasa waɗanda suka riga suka ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021. Abin da ya lalace tsari ne, shi ta gyara.

Misalin da ya fi kusa da halin ɗan'uwanmu shi ne na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya koyi wasan a hannun Ba'amurken nan Oliver B. Johnson, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. A 2013 an zaɓi Ujiri gwarzon manajoji a gasar NBA saboda aikin da ya yi wa kulob ɗin Denver. A wannan shekara ce kuma ya bar Denver ya koma Toronto, kulob ɗin da ya shekara biyar a jere bai ko shiga wasannin ƙarshen kaka ba. Abin lura a nan shi ne bai tafi da ka ba. An rubuta masa yarjejeniyar shekara biyar, aka kuma sakar masa mara ya zaɓi mutanensa. Duk da haka sai a 2019, watau bayan shekara shida, Toronto ta ɗauki kofi. In mai kuɗi da kayan aiki irin na Toronto ya buƙaci shekara shida, to, wanda ya ce wa kocinmu ya kawo kofi cikin wata shida ba da gaske yake ba.

Shi kansa garin Jos ya ga irin wannan a ƙwallon ƙafa. Dattawanmu da ke nan Kudu ba su manta da Mighty Jets ba, wadda ta ci gasar lig ta farko a ƙasar nan a 1972, zamanin su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo. Daga nan kofin lig bai sake hawa tsaunin Filato ba sai bayan shekara 45, lokacin da Kennedy Boboye ya zo daga Kudu ya karɓi Plateau United, ya ci gasar a 2017, a kakarsa ta farko. Amma kafin ƙarshen 2018 ya riga ya bar kulob ɗin. Ashe ke nan nasara na yiwuwa a Jos, kujerar koci ce dai ba ta da tabbas, ko ga wanda ya kawo kofi.

Yanzu sai mu zo kan ita Nasarawa Gwom, domin a nan ne nauyin maganar yake. Ba sai an tuna wa mutumin Jos abin da ya faru a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010 ba, kuma wannan unguwa na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi a lokacin ne suka kwaso iyali suka yo Kudu. Abin da ya biyo baya shi ne unguwanni suka rabu, Musulmi nan, Kirista can, har aka haifi yaran da suka balaga ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ɗan wancan layin ba. Ƙwallon kwando kuwa ba ya son fili mai yawa. Mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwando biyu, mutum biyar a kowane gefe, don haka ko harabar makarantar firamare ta isa. Kuma wasa ne wanda dole ka miƙa wa abokinka ƙwallo cikin ƙiftawar ido, babu lokacin tambayar sunansa ko inda yake ibada. Kocin da ya haɗa yara goma sha biyu daga ɓangarori biyu, suka yi gumi tare kowace yamma, ya yi wa garinsa aikin da ya fi kofi daraja.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne ya tafi, amma da sharuɗɗa, kuma a rubuce. Na farko, yarjejeniyar da ba ta gaza shekara uku ba, a bayyana albashi, da wanda zai biya, da abin da za a ba shi in an sallame shi kafin lokaci. Na biyu, a gyara fili a sayi ƙwallaye kafin ya iso, domin alkawarin za a yi ba ya shiga kwando. Na uku, zaɓen 'yan wasa ya zama a hannunsa shi kaɗai, kada wani babba ya turo ɗansa, kada kuma a ce masa ga addini ko ƙabilar da zai ɗauka. Na huɗu, ya nemi hutu ba albashi daga kwalejin da yake aiki maimakon ya ajiye aiki, ya kuma bar yara su ƙarasa shekarar karatu kafin ya ɗauke iyali. In masu gayyatar sun ƙi sa hannu a kan waɗannan, to sun ba shi amsa da kansu, sai ya zauna inda yake da zuciya ɗaya, babu wanda zai ga laifinsa.

Mu ma da ke nan akwai namu rabon aikin. Ƙungiyoyin 'yan Filato da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo sukan tara kuɗi don biki da jana'iza, kuma hakan daidai ne. To, me zai hana a tara na siminti da riguna da takalma? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada mu raka mutum tasha da addu'a kawai, sa'an nan mu koma gefe muna jiran labarin faɗuwarsa.

Allah Ya yi masa jagora, Ya zaunar da Jos da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin.