Ƙwayar bitamin D ba ta wanke jijiya

Idan mai tallar magani a titunan Yamai ya ce muku ƙwayar bitamin D tana wanke jijiya, tana hana ciwon zuciya, kada ku yi saurin kwance bakin zane. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Jijiyar jini kamar hanyar ruwa ce a lambu. Idan laka ta taru, ruwa ba ya kai wa ga shuka. Haka kitse yake taruwa a jikin jijiya, shekara da shekaru. Wurin yakan kumbura daga ciki, kumburin da ido ba ya gani. Ranar da hanyar ta toshe, sai ciwon zuciya na farat ɗaya, ko shanyewar ɓarin jiki. Likitoci suna auna wani abu a cikin jini mai suna CRP. Idan ya yi yawa, akwai kumburi a wani wuri a jiki.

Bitamin D kuwa, fatarmu ce take yin sa idan rana ta taɓa ta. Akwai shi kuma a kifin sardin da gwaiduwar ƙwai. Aikinsa babba shi ne ƙarfafa ƙashi.

Masana sun lura cewa masu ƙarancin bitamin D sukan fi yawan CRP. Daga nan maganar ta samo tushe. Amma a duba: marar lafiya yakan yini a ɗaki, ba ya ganin rana. Wataƙila ciwon ne ya rage bitamin ɗin, ba rashinsa ne ya kawo ciwon ba.

Don a raba gardama, sai aka gwada. A Amurka an tara mutum 25,871. Rabi suna shan bitamin D kullum, rabi suna shan ƙwayar da babu shi a ciki. Aka bi su wajen shekara 5. A 2018 sakamako ya fito: ciwon zuciya da shanyewar jiki ba su ragu ba ga masu shan bitamin ɗin.

Ba mu ce ba shi da amfani ba. Tsohon da ba ya fita, da macen da take kulle, suna iya rasa shi ko a ƙasar rana irin tamu. Likita ne zai auna, ya rubuta. Shan sa barkatai yana iya kawo tsakuwa a ƙoda.

Abokan gaban jijiya sanannu ne: hawan jini, taba, ciwon sukari da yawan kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali guda. A tuna, dunƙulen miya ma gishiri ne. Kuɗin da za mu ba mai talla, gara mu kai shi asibitin unguwa a auna mana hawan jini. Awon ba ya cin minti 5, kuma babu allura.