Na'urar da ba ta san baƙar fata ba

Wani abokina na lise ya ce mini fizik ba ta da amfani sai cin bak. Na ce masa: je ka kasuwar Dutsi da damina, ka dubi mai sayen ƙwan zabi. Ɗaga ƙwan yake yi ya auna shi da rana, ya runtse ido ɗaya. Ɓawon ba madubi ba ne, watsa haske yake yi ta ko'ina, amma ɗan abin da ya ratsa ya isa a gane mai kyau da ɓara-gurbi.

A 2012, masana a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan suka fitar da hoton abin da ke ɓoye bayan gilashi mai dishi-dishi, da hasken leza da lissafi kawai. To wannan can ne. Ga wanda ya shafe mu.

Kun san ƴar na'urar nan da ake matse wa maras lafiya a yatsa a gidan likita? Takuo Aoyagi, ɗan Japan, ya gano dabararta a 1972. Haske biyu take turawa cikin tsoka, ja da wani wanda ido ba ya gani. Jini mai iskar oksijin da wanda ya rasa ta ba su shan hasken nan daidai, daga nan take ba da lamba. Amma kafin haske ya kai ga jini sai ya bi ta fata, kuma baƙin fatarmu shi ma shan haske yake.

A Disamban 2020, likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka buga sakamako: cikin awon da na'urar ta ce lafiya lau, 92 zuwa 96, an tarar iskar jinin ta faɗi ƙasa da 88 a kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙe, a farare kuwa bai kai 4 ba. Ninki uku ke nan, ƴan uwa! A can ana iya ɗibar jinin jijiya a tantance. Yaron da ciwon haƙarƙari ya kama cikin hunturu a ƙauyen Tibiri fa, wa zai tantance masa?

Ban ce a jefar da ita ba, wallahi tana ceton rai. Haushina mu ne. Muna ɗaukar lambar kamar wahayi, muna haddace darasin haske don mu zubar a takarda. Jami'armu ta Yamai sunan Abdou Moumouni gare ta, mutumin Tasawa da ya ƙare rayuwarsa kan hasken rana. Abokin nawa ma can yake son zuwa baɗi, kuma har yau bai san aikin mai sunan ba.