Karayar ƙashin baya ba ta mai ɗori ba ce

Makon jiya wani magidanci ya zo shagona neman tramadol. Ƙanensa ya faɗo daga kan okada, baya na ciwo, ba ya jin ƙafarsa sosai. Ban ba shi ba.

Mai karatu, idan ƙashin baya ya karye, lakar da ke cikinsa ce abin tsoro. Kada a zaunar da mutum, kada a ja shi. A kwantar da shi kan katako, a nufi asibitin ƙashi, irin na Igbobi ko Dala. Hoto ne zai raba gardama: wata karayar rigar ɗaure baya ta wata 3 ta ishe ta, wata sai tiyata, a kafe ƙashin da kusoshi da sandunan titaniyam. Maganin ciwo kuwa zai iya ruɗarsa ya miƙe, lakar ta taɓu.