Yaron Da Ya Makara Da Magana Amana Ne A Wuyanmu



'Yan uwa Musulmi, daga Rurum zuwa Tarai, a ƙasar Rano da Kibiya, da wuya a rasa gidan da ke da yaron da ya kai shekara 3 bai haɗa kalma biyu ba. Sai ka ji ana cewa nauyin baki ne, zai warware. Wasu su ce ɗan ruwa ne. Wasu kuma su kira wanzami ya yanke ƙasan harshe, alhali sau da yawa matsalar ba a harshen take ba.

Likitoci sun bayyana cewa doguwar naƙuda, shawarar jarirai, ƙyanda da sanƙarau duk suna iya taɓa kunne ko ƙwaƙwalwa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta bar kurame a Kano, manyanmu ba su manta ba. Yaron da ba ya ji kuwa ba shi da inda zai kwaikwayi magana. Don haka matakin farko shi ne gwajin ji. A fara da Babban Asibitin Rano, a nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a ba ta hana wannan tafiya. Annabi Musa (AS) da kansa ya yi fama da nauyin harshe, kuma Allah Ya aiko shi ga Fir'auna.

Amma masu koyar da magana 'yan kaɗan ne, akasarinsu a birni, kuɗin mota kuma ya fi ƙarfin talaka. Aikin yau da kullum a gida yake. Uwa ta durƙusa su haɗa ido, ta ambaci sunan abin da ke hannunsa, kofi ne ko ludayi, ta yi shiru ta jira shi. Jiran nan shi ne ya fi wuya, domin mun saba amsa wa yaro kafin ya buɗe baki. In ya yi nuni da hannu a karɓa, maganar hannu ma magana ce. A daina tsawa, a hana yayyensa kwaikwayonsa.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta samu sa hannu tun Janairun 2019, sai dai makarantar Tudun Maliki da ke Kano ta yi wa ɗan Kibiya nisa. Muna kira ga malaman Islamiyya, waɗanda aikinsu ne sauraren fitar kowane harafi, da su lura da irin waɗannan yara, su zaunar da su a sahun gaba, su sanar da iyaye. 'Yan agaji kuma su haɗa kuɗin mota, a raka uwa asibiti cikin wannan wata.